Wai har gishiri sai an shigo mana da shi? Eh, kuma ba nan gizo ke saƙar ba

Kwanan nan na ji wani mai kira a rediyo yana ta kumfar baki, wai abun kunya ne ƙasa kamar Najeriya a ce har gishiri sai an kawo mata daga waje, don haka gwamnati ta hana shigo da shi kawai kowa ya huta, yadda aka taɓa yi wa shinkafa. Mai gabatarwa na ta ce masa "gaskiya ne, gaskiya ne", masu kira na baya suka ɗora. Ni kam raina ne ya ɓaci, sabida irin wannan maganar daɗin ji gare ta amma idan aka bi ta talaka ne zai kwana a ciki.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu kar a ce na yi ta kewaye-kewaye. Ban ga abun kunya a sayo gishiri daga waje ba, kuma hana shigo da shi wauta ce. Abun da ya kamata mu tsaya mu tambaya shi ne daga wace ƙasa yake zuwa, ta wace ƙofa yake shigowa, kuma wa ke biyan kuɗin doguwar hanyar da yake bi. Idan ka bi waɗannan tambayoyin za ka ga cewa mu 'yan Arewa mu ne a ƙarshen layi, alhali da can mu ne a bakin ƙofa.

Da daga Arewa yake gangarowa

Kakanninmu ma ai shigo da gishiri suke yi, wannan ba sabon abu ba ne. Ƙasar Hausa ba ta taɓa wadata kanta da gishiri ba. Daga Balma da Fachi, can cikin Sahara a ƙasar Nijar ta yau, ayarin Buzaye ke ɗauko gishirin kantu da na beza a kan raƙuma, su keto Tenere zuwa Abzin, daga nan su gangaro Damagaram da Katsina da Kano su sayar, su sayi gero da tufafi su koma. Daga gabas gishirin mangul da kanwa ke zuwa daga ƙasar Manga da Barno. Ta yamma akwai gishirin Foga kusa da Gaya ta Nijar, wanda ke shiga Kabi da Sakkwato. Ta kudu kuma akwai na Keana da Awe. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, tare da ayarin gishirin Abzinawa ya taho kafin ya shiga Kano a 1851.

Wato a lokacin Kano ce dila, ita ke karɓa ta rarraba. Fatake su ɗauka su yi kudu da shi.

Sai Turawa suka zo da gishirin Ingila ta teku, yana hawowa ta kogin Kwara, sai kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga nan lissafi ya juye. Raƙumi bai iya gasa da tarago ba. Ƙofar gishiri ta tashi daga Arewa ta koma bakin teku, kuma har gobe can take. Yau ɗanyen gishiri a jirgin ruwa yake zuwa, galibi daga ƙasashe irin su Namibiya da Barazil, a sauke shi a Legas ko Fatakwal, a wanke shi, a niƙa, a sa masa sinadarin aidin mai hana maƙoƙo, a zuba a buhu da leda, sannan a loda a tirela a yo Arewa da shi, tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ya iso kasuwar Singa ta Kano. Kamfanin NASCON da ke yin gishirin Dangote, wanda asalinsa gwamnati ce ta kafa shi a 1973, babban aikinsa kenan, tacewa da ƙullawa. Ledar an buga mata sunan Najeriya amma abun da ke ciki rana ce ta busar da shi a wata nahiyar ko a can kudancin Afirka.

"To ai muna da teku"

Wannan ita ce hujjar farko da ake jefo maka. Muna da gaɓar teku mai tsawon kilomita sama da 800, me ya hana mu yi namu?

Ruwan sama ne ya hana. Gishirin teku ba wata fasaha ce mai wuya ba, tara ruwan teku ake yi a manyan fadamu a bar rana da iska su shanye ruwan a kwashe abun da ya rage. Amma yana son wuri busasshe, inda za a yi watanni ba ɗigon ruwa. Walvis Bay ta Namibiya hamada ce ta haɗu da teku, ruwan da ke sauka can a shekara bai kai milimita 50 ba. Jihar Rio Grande do Norte ta Barazil, wadda ke samar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na gishirin tekun ƙasar, ita ma yankin fari ne, har tsibiri suka gina a cikin teku a Areia Branca don loda gishiri a manyan jirage kawai. Mu kuwa Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, Fatakwal ta haura 2,000, ga kogin Kwara da sauran koguna suna ta juye ruwan daɗi a gaɓar suna tsinka ruwan tekun. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Toh gaɓar tekunmu kusan kullum ranar ruwa ce.

Inda muke da rana ba mu da teku, inda muke da teku ba mu da isasshiyar rana. Wannan ba laifin wani minista ba ne, haka Allah Ya tsara ƙasar.

"To Keana fa? Ebonyi fa?"

Eh akwai gishiri a Keana da Awe a jihar Nasarawa, akwai a Okposi da Uburu a Ebonyi, har ma jihar Ebonyi da gishiri take yi wa kanta kirari. Lokacin yaƙin basasa da aka toshe hanyoyi gishirin Okposi ya ceci jama'a da yawa a yankin. Ba na raina wannan ko kaɗan, kuma matan da ke wannan aiki, don galibi mata ne, sun cancanci a taimaka musu fiye da kai musu 'yan jarida ranar biki a ɗau hoto a watse.

Amma mu yi lissafi na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Ka ɗauki mutum miliyan 200 ka ba kowa giram 5 ɗin nan, ka samu tan 1,000 kenan a rana ɗaya, tan 365,000 a shekara, kuma duk mun san yadda muke zuba gishiri da dunƙule a miya mun wuce wannan ma'aunin. Ba a sa na shanu ba, ba a sa na majema ba, ba a sa na masu sabulu da masu burodi da kamfanonin dunƙule da masu haƙar mai ba. A Keana kuwa ruwan gishiri ake tacewa a dafa shi a kan wuta har ya ƙafe. Icen da za a ƙona kafin a samu tan 1,000 kullum daga wane daji za a saro shi? Ko da an zamanantar da aikin, wanda ya kamata a yi, shekaru zai ɗauka kafin ya rufe ko da wani yanki na buƙatar.

Ka hana shigo da shi yau, gobe farashi ya tashi sama, jibi a fara fasa-ƙwaurinsa ta daji. Mun ga wannan fim ɗin lokacin da aka rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Shinkafa ma da muke nomawa a Kebbi da Jigawa da Kano ga yadda ta kaya, balle abun da ba mu da gonarsa.

Abun da ake mantawa, maƙoƙo

Akwai wani alheri da wannan tsarin na yanzu ya kawo wanda masu ihu ba sa ambata. Duk wanda ya manyanta ya san yadda maƙoƙo ya yi yawa a wasu garuruwa da can, ka ga mace da ƙullutu a wuya kamar ba komai ba. Rashin sinadarin aidin ne, kuma ba a wuya kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, a 2005 kuma ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kai matakin da ake so. Me ya sa abun ya yi mana sauƙi? Sabida gishirin ta ƙofofi ƙalilan yake shigowa kuma kamfanoni ƙalilan ke tace shi, hukumomin duba ingancin kaya NAFDAC da SON ba sai sun bi ƙauye-ƙauye ba, su tsaya a tashar jirgin ruwa da bakin masana'anta sun gama da yawancin aikin. Ƙasashen da ke da dubban ƙananan masu yin gishiri sun fi mu shan wahalar wannan.

Don haka duk mai cewa a koma gishirin gargajiya a tukunyar miya sai ya gaya mana yadda zai sa masa aidin. In ba haka ba gyaran gangar auzinawa za a yi.

Toh ina matsalar take?

Matsalar ita ce mun ɗauki gishiri kamar abu ɗaya ne, alhali aƙalla uku ne, na miya daban, na dabbobi daban, na masana'antu daban, sai muka tura kusan duka ta hanya ɗaya mafi tsawo kuma mafi cin dala.

Duba abun da ya faru daga 2023. An cire tallafin mai a watan Mayu, an saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗanyen gishiri da dala ake sayensa, jirgin ruwa da dala ake biyansa, wannan ya shafi kowa daga Legas har Maiduguri. Amma mu akwai ƙari a kanmu. Gishiri kaya ne mai nauyi marar tsada, shi ya sa kuɗin mota ke cin babban kaso na farashinsa, ba kamar waya ko atamfa ba da za ka cika tirela da kayan miliyoyi masu yawa kuɗin dako ya ɓace a ciki. Duk lokacin da man dizal ya tashi, ko aka ƙara shinge a hanya, ko gada ta karye a Neja tireloli suka yi kwanaki a layi, mai shago a Gusau da Nguru shi zai ji a buhu, shi kuma ya rage girman ƙullin da yake sayar wa matan unguwa. Ba wanda zai yi zanga-zanga a kan gishiri don kuɗin kaɗan-kaɗan ne yake fita, amma yana fita kullum kuma daga kowane gida.

Kuma a Arewa ne dabbobin suke. A Kano ne majemun suke, Sharaɗa da Challawa, kuma duk wanda ya taɓa shiga harkar fata ya san ɗanyar fata in ba a barbaɗa mata gishiri da wuri ba ta lalace. Wato yankin da ya fi buƙatar gishiri mai arha na aiki shi ne ya fi nisa da inda ake sauke shi.

Na dabbobi ya zo ta Arewa

Ga abun da nake gani. Saniya ba ta buƙatar farin gishiri mai laushi da aka tace a Apapa ta Legas. Makiyayi ya san darajar kantun Balma da mangul da kanwa, kuma har yanzu ana samun su a kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela da Jibiya. A Nijar ma duk shekara wajen watan Satumba makiyaya ke taruwa a Ingal don dabbobi su lashi gishiri su sha ruwan kanwa. Wannan cinikin ya girmi Najeriya ya girmi Nijar, bai taɓa neman dala ba, da naira da sefa da hatsi ake yin sa.

Amma mu muna ɗaukarsa kamar wani abun tarihi na nuna wa baƙi. Duk rigimar siyasa da ta taso shi ne farkon wanda ake takawa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, wanda ya yanke hukuncin a Abuja ba na jin ya tuna da kantu ko sau ɗaya. Jirgin Barazil bai fasa shigowa Legas ba, ɗan kasuwar Maigatari ne ya zauna.

Abun da nake so a yi ba wani babban abu ba ne. A ware gishirin dabbobi da kanwa a matsayin kayan da ke wucewa cikin sauƙi a iyakar Arewa, a rage hannayen da ake miƙo wa direba daga iyaka zuwa Kano, jihohin kan iyaka su zauna da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa a kan wannan. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, ana ta maganar abun da za mu tura can, ban ji ana maganar abun da taragon zai ɗauko in zai dawo ba.

Za a ce min ai gishirin nan ba aidin, zai sulale ya shiga tukunyar miya. Gaskiya ne wani zai shiga, yanzu ma yana shiga, akwai tsofaffin da har gobe sun fi son ɗanɗanon beza. Maganin wannan shi ne gishiri mai aidin ya yi arhar da uwar gida ba za ta waiwayi wani ba, da kuma wayar da kai a asibitin awo da rediyo. Rufe iyaka bai taɓa hana buhu wucewa a kan babur ba.

Na miya kuma, me ya sa sai Barazil?

Nan ne abun ke ɗaure min kai. Daga Legas zuwa Ada a Ghana tafiya ce 'yar kaɗan a teku, kuma wannan yankin na Ghana busasshe ne ba kamar gaɓarmu ba, ruwan da ke sauka bai kai milimita 1,000 ba, shi ya sa tafkin Songor ya daɗe yana ba da gishiri. Senegal ma tana yin gishiri mai yawa a Kaolack har tana sayar wa maƙwabta. Dukansu 'yan ECOWAS ne, kuma a takarda kayan da aka samar a cikin ƙungiyar ba a biya musu kuɗin fito. Hedikwatar yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka ma a Accra take. Amma jirgi ya keto Atlantika gaba ɗaya ya zo ya fi na maƙwabci sauƙi.

Ban ce kamfanoni wawaye ba ne. Mai masana'anta abu uku yake nema, yawa, tsabta iri ɗaya kullum, da tabbacin cewa jirgi zai zo ranar da aka ce. Barazil da Namibiya sun gina wannan, suna da injuna da tashoshin lodi, ka yi oda a cika maka jirgi guda. Ghana ta daɗe a hannun ƙananan masu kwasa, sai a 2020 gwamnatinsu ta ba kamfanin Electrochem hayar Songor don a yi aikin da girma, abun da ya jawo rigima da mutanen yankin da suka gaji sana'ar, kuma rigimar tasu tana da tushe, ba zan ce ba ta da shi ba. Amma dai a ce mai saye mafi girma a yankin yana nan, mai rana da teku yana nan kusa, shekara da shekaru an kasa haɗa su, wannan gazawar gwamnatoci ce. Idan shugabanni suka haɗu a taro ana ta jawabin haɗin kan Afirka ta Yamma, gishiri ne gwaji mafi sauƙi, ba ya ruɓewa, ba ya son firji, ba ya son wata fasaha. In an kasa a gishiri ban san a me za a iya ba.

Wani zai ce to me ya dame ka, ko daga Ghana ko daga Barazil ai duk ta Legas zai shigo, kai ɗan Arewa me ka samu? Wannan tambayar ta fi sauran nauyi. Abun da na samu shi ne gajeriyar hanyar teku da yiwuwar rage dogaro da dala, wannan zai taɓa farashin tun daga tushe. Sauran kuma aikin cikin gida ne. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, an buɗe ta Dala a Kano a 2023, an ƙaddamar da tashar jirgin ruwa ta Baro, a bakin kogin Kwara a jihar Neja, a 2019 wadda har yanzu ba a ga jiragen kaya na zirga-zirga a cikinta ba, ita Baron nan kuwa ta nan kayan Turawa ke bi su hau jirgin ƙasa zuwa Kano fiye da shekara 100 da suka wuce. Kaya irin gishiri da siminti da taki su ne aka yi jirgin ƙasa da na ruwa dominsu. A kawo ɗanyen gishirin Arewa a tarago, a tace shi a nan, a sa aidin a nan, a ƙulla a nan, majema su sayi nasu ɗanye kai tsaye ba sai an haɗa musu da kuɗin leda ba. Masu kuɗin Kano da ke ta gina filaza a kan filaza, ga sana'a nan da ba ranar da za a daina sayen kayanta.

Sannan 'yan majalisarmu, maimakon su tashi suna neman a hana shigo da kaza, su nemi Hukumar Ƙididdiga da kwastan su riƙa fitar da bayani dalla-dalla, tan nawa ya shigo ta Apapa, nawa ta Fatakwal, nawa ta iyakokin ƙasa, daga wace ƙasa, kuma nawa ake sayar da buhu a Legas nawa a Sakkwato a wata guda. Kwastan na rubuta duk jirgin da ya sauke kaya, takardun suna nan, a ɗora su inda ɗan jarida da ɗan kasuwa za su gani kawai ya rage.